Zan yi kwana shida a San Antonio, ina zan samu abincin ƴan Meksiko mai rahusa a tsakiyar gari?

Abdu Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa Amurka, musamman jihar Texas. Wurin aikinmu ne suka tura ni wani taro kan harkar ruwan sha a garin San Antonio, kwana shida zan yi, biza ta fito alhamdulillahi, lahadi mai zuwa zan hau kar daga nan Damagaram zuwa Yamai sai in tashi daga can. Otel ɗin da aka kama min yana tsakiyar gari kusa da babban zauren taron nan mai suna Henry B. González, an ce da ƙafa ma ake zuwa.

Abin da ke damuna shi ne perdiyam ɗin ba shi da kauri, otel ba su ba da karin kumallo, taron kuma kwana biyu kawai za su ba mu abincin rana. Ni kuma gaskiya ba na so in zuba kuɗin nan duka a ciki, ga iyali na jiran tsaraba ga kuɗin lakol ɗin yara. Wani abokin aikina ya ce min garin na abincin ƴan Meksiko ne kuma shi ya fi sauƙin kuɗi, to amma da na duba a intanet wuraren da ke bakin kogin kusa da otel ɗin sai na ga faranti ɗaya na kai dola 20, wajen jika 12 ke nan fa, cefanen kwana nawa ne a gidana.

To tambayata, ina talakan garin yake cin abinci? Me zan ce a ba ni? Kuma yaya zan kauce wa alade, don an ce suna cin sa sosai. Ban taɓa ɗanɗana abincinsu ba, Turancin Ingilishi kaɗan-kaɗan nake ji, na Sifaniya kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Allah ya saka da alheri.

Mamman Zango

Wa alaikumus salam Malam Abdu, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Na yi shekara biyu a garin nan ina karatu, saboda haka bari in ɗan tsawaita.

Abokin aikinka ya faɗa maka gaskiya, kai kuma abin da ka gani a intanet shi ma gaskiya ne. Wurin da ka duba shi suke ce ma River Walk, hanya ce da aka shimfiɗa a gefen kogi ƙasa da titi, sai ka sauka matakala, ga itatuwa ga jiragen ruwa na yawon baƙi. Wuri ne mai kyau ƙwarai, ka je ka gani ka ɗauki hoto, amma ka je da cikinka a cike. Kuɗin da ke kan faranti a can rabinsa na kallon ruwa ne. Kuma ka sani farashin da ke rubuce ba shi za ka biya ba, za su ɗora haraji kashi 8.25 cikin ɗari, sannan duk inda ka zauna aka zo aka yi maka hidima a tebur dole ka bar purbuwar, kashi 15 zuwa 20, ba wai kyauta ce ta ganin dama ba irin namu, da ita ma'aikatan suke rayuwa. To ka ga dola 20 ɗin nan ta zama 25 ko 26 kafin ka miƙe.

Inda ake cin abinci da sauƙi sunansa taqueria, ana faɗin takeriya. Ƙananan shaguna ne, wasu ma tsofaffin gidaje ne aka mayar, fenti mai haske, an rubuta sunayen abinci da hannu a bango ko a jikin gilashi. Alamar da ban taɓa ganin ta ci amanata ba ita ce motocin magina da masu gyaran titi a ƙofa da sassafe, ka ga mutane da rigar aiki mai ruwan lemu suna layi, shiga kawai. Kamar dai baƙo ya sauka Damagaram ya tambaye ka inda zai ci tuwo, ai ba otel za ka nuna masa ba, wajen kasuwar Dole ko bakin tasha za ka kai shi. Ka hau sama daga kogin, ka miƙe yamma ta titin Commerce, tun kana rage ganin masu kamara a wuya farashi zai fara sauka.

Sirrin garin nan karin kumallo ne. Abin da suke ce ma breakfast taco, wato tako na safe, waina ce falle ɗaya mai faɗi sai a zuba abu a ciki a naɗe. Lokacin da nake can ɗaya dola 2 ne zuwa 3, na tabbata ya ɗan hau yanzu amma ba zai yi nisa ba. Uku da kofi sun riƙe ka har la'asar. Wanda na fi ci shi ne na dankalin turawa da ƙwai, papa con huevo, sai migas, ƙwai ne da aka soya da gutsattsarin wainar masara da tumatir da albasa da barkono. Sai dai da yawa daga cikin shagunan nan ƙarfe 2 ko 3 na rana sun rufe, kar ka bari sai dare ka fita nema, a lokacin masu tsada ne kawai a buɗe a tsakiyar gari. Babban cinka ya zama na rana, da yawa suna da farantin rana mai rangwame, shinkafa da wake da nama.

Akwai Market Square, su suna ce mata El Mercado, tafiyar minti 20 da ƙafa daga zauren taronku. Nan akwai wani tsohon gidan abinci Mi Tierra, tun 1941 yake, da makaɗa da fitilu da wurin gasa burodi. Shi ma na baƙi ne, ba shi ne mafi araha ba, amma in sau ɗaya za ka kashe kuɗi don ka ce ka gani to ni can zan zaɓa a kan bakin kogi. In kana da lokaci kuma ka hau bas ɗin gari, VIA, kuɗinsa bai kai dola 2 ba, ka shiga unguwar yamma wajen titin Guadalupe ko Zarzamora, nan ne ainihin unguwar ƴan asalin Meksiko. Kar ka yi mamaki in ka ji Sifaniyanci ya fi Ingilishi yawa, ai Texas ɗin kanta ƙasar Meksiko ce har 1836, sai 1845 ta shiga Amurka, mutanen ba baƙi ba ne, iyaka ce ta same su a gida. Har UNESCO ta sa garin cikin biranen da suka yi fice a girki a 2017.

Ruwan famfo kyauta ne a ko'ina, ka ce water kawai, kar ka sayi na gora.

Maganar alade na bar wa Hajiya ta Birni, ta fi ni sani nesa ba kusa ba.

Ɗan Kara-Kara

Yaya Abdu ni dai da ni ne wlh ba zan wahalar da kaina ba, kilishi zan saya mai yawa da garin rogo da ƙuli-ƙuli da suga in cusa a jaka, kwana shida ai kamar yau ne. Abincin da mutum bai sani ba ga tsada ga shakka.

Hajiya ta Birni

A'a ɗana Ɗan Kara-Kara, kar ka sa shi cikin matsala. Nama ba ya shiga Amurka daga wajenmu, ɗanye ko busasshe, kilishi ma nama ne. A filin jirgi za a tambaye ka ko kana ɗauke da abinci, in ka ce e suka ga kilishi za su karɓe su zubar, in kuwa ka ce a'a kare ya shinshino shi to tara ce, kuma ana iya rubuta ta a sunanka ta dame ka a tafiya ta gaba. Gari da ƙuli-ƙuli galibi suna wucewa amma su ma sai ka faɗa ka nuna. Duk abin ci da ke jakarka ka bayyana shi, shi ke nan.

Malam Abdu ƙanena, ni a Houston nake zaune da yara shekaru da dama, yanzu na zo gida ganin tsohuwa ne, San Antonio tafiyar awa uku ce daga wajenmu kuma muna zuwa. Maƙwabciyata ƴar Meksiko ce, a kicin ɗinta na koyi abin da zan faɗa maka, ka samu takarda ka rubuta ka sa a aljihu.

Aladen da ake gani ba shi ne abin tsoro ba, don yana da suna a rubuce. Duk inda ka ga puerco ko cerdo alade ne. Carnitas alade ne da aka dafa cikin kitsensa. Al pastor shi ne ya fi yaudarar mutanenmu don a tsaye ake gasa shi yana juyawa sak shawarma, ga shi ja ga ƙamshi, kuma asalinsa ma daga ƴan Labanan ne da suka yi ƙaura zuwa Meksiko, amma su suka canza naman ya koma alade, kar ka kusance shi. Chorizo, chicharrón, tocino, jamón, duk shi ne. Waɗannan da ka haddace su an gama.

Wanda yake ɓoye shi ne kitse, sunansa manteca. Yadda mu muke sa man gyaɗa ko man shanu a komai haka tsofaffinsu suke sa kitsen alade. Waken nan da ake damawa ya yi laushi kamar fate, refried beans ko frijoles refritos, wanda ake zubawa a gefen kusan kowane faranti, sau da yawa da manteca ake soya shi ko da man tocino. Mutum sai ya ce bari in ci wake kawai in huta, ashe nan abin yake. Waken da ke cikin romo, charros, da gutsattsarin alade a ciki, borrachos kuma har giya ake zubawa. Tamales, wani abu ne kamar alala da ake naɗewa a bawon masara a turara, ƙullinsa da manteca ake kwaɓawa ko da kaza ce a ciki. Har burodinsu mai zaƙi wani da ita ake yi.

Sai wainar kanta, tortilla, ana faɗin tortiya. Iri biyu ce. Ta fulawa, de harina, ita ƴan San Antonio suka fi so da safe kuma ita ce ake sa wa kitse, wasu na alade wasu na itace. Ta masara, de maíz, ƙullin masara ne da ruwa da ɗan gishiri kawai. Saboda haka duk abin da ka saya ka ce de maíz, ana faɗin de mayis. In Malam Mamman ya ce maka dankali da ƙwai to ka ƙara da de mayis.

Kuma ka tambaya, ba sa jin haushi ko kaɗan, mutane ne masu fara'a da son baƙo kamar mu. Ka ce tiene manteca, wato tiyene manteka, ma'ana akwai kitsen alade? In suka ce vegetal ko aceite to man itace ne, ka ci. Ka ce sin puerco, ban da alade. Kar ka rikita manteca da mantequilla, ita wannan ta biyun man shanu ce.

Abin da zai ba ka mamaki, rabin abin shansu namu ne. Za ka ga manyan tuluna na gilashi a kan kanta, ja ɗin nan da aka rubuta jamaica, ana faɗin hamaika, wallahi zoɓo ne, bisap ɗinmu, ba bambanci. Tamarindo tsamiya ce. Horchata fari ne kamar kunun aya amma nasu na shinkafa ne da kirfa. Ranar da na fara shan hamaika sai da na yi ƙwalla don kewar gida. Mu kuma masara da barkono da tumatir da muke ci kullum asalinsu daga wancan yankin ne. Masarar ma kafin su niƙa sai sun dafa ta da farar ƙasa irin ta ci, kamar yadda muke sa kanwa ko ruwan toka, shi yake cire dusar ya sa ƙullin ya kama jikinsa ya kuma ba ta wannan ƙamshin. Bakinka ba zai yi baƙunta ba in sha Allah. Yajinsu ne kawai ka bi a hankali, miyar barkono da suke ce ma salsa, wani lokaci koriyar ta fi jar zafi, ka ɗiga kaɗan ka ji tukuna. Margarita da michelada giya ne.

Abdu Garin Malam

Kai Hajiya Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Na rubuta duka. Malam Mamman na gode ƙwarai. To naman sa da kaza fa? Na ga kun yi shiru a kansu, yankan wa ake ci?

Malam Sani mai kamiyo

Slm. Ni kamiyo nake ja a Amurka, hanyar I-35 daga Laredo bakin iyakar Meksiko zuwa Dallas ta cikin San Antonio take ratsawa, na bi ta ba adadi. Malam Abdu maganar yanka ni ba malami ba ne, abin da na sani dai Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta abincin ma'abota littafi, kuma malamai sun yi saɓani kan naman manyan mayankan zamani inda inji ke aiki ba ka san wa ya yanka ba ko an ambaci sunan Allah, wasu sun sauƙaƙa wasu sun ce a bari. A cikinmu direbobi akwai masu ci akwai waɗanda ba sa ci kuma ba mai zagin wani. Ka tambayi malaminka tun kana gida ka tafi da abin da zuciyarka ta natsu da shi, kar ka bari sai kana tsaye gaban kanta da yunwa mutane na jira a bayanka.

In za ka ci, res shi ne sa, pollo kaza ana faɗin poyo, carne asada gasasshen naman sa ne kamar balangu an yayyanka ƙanana, carne guisada naman sa ne cikin romo mai kauri, lengua harshe ne, barbacoa a Texas naman kumatun sa ne da ake dafawa ya yi lugub, asabar da lahadi aka fi samunsa har a awo suke sayarwa. Caldo de res farfesu ne da masara da kabeji da dankali, kwano ɗaya ya ishe ka wuni.

In ba za ka ci ba to kifi pescado, jatan lande camarón, ƙwai huevo ana faɗin webo, cuku queso. Enchiladas na cuku, wato tortiya da ake naɗe cuku a ciki, suna da araha amma ka tambayi miyar da ake zubawa a kai don a Texas yawanci da niƙaƙƙen nama ce. Shinkafarsu ma da romon kaza ake dafa ta galibi.

Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, ƙarfen suya. Faffaɗan ƙarfe ɗaya ne a kicin, a kansa ake soya chorizo a kansa ake soya ƙwanka. Ni ina roƙonsu su goge ko su soya min a kasko daban, in ba cunkoso suna yi ba musu, shi ya sa nake zuwa ko da wuri sosai ko bayan layi ya ragu. Sai ka jefa dola ɗaya a gwangwanin da ke kan kanta.

Naman halal na gaske akwai shi a garin amma ba a tsakiya ba, arewa maso yamma ne wajen titin Wurzbach inda shagunan Larabawa da ƴan Afganistan suke, babban masallaci ma ta wannan ɓangaren yake. In juma'a ta same ka a can sai ka haɗa biyu, ka yi salla ka ci nama ka ƙoshi. Da nisa dai, sai bas ko taksi, ku haɗa kuɗi in akwai wasu musulmi a taron.

Mamman Zango

Malam Sani ya tuna min, na manta abincin dare. Akwai babban kanti H-E-B, hedkwatarsu ma a garin take, suna da ƙaramin reshe a titin South Flores kudu da tsakiyar gari, ana zuwa da ƙafa. Ka sayi ƙunshin tortiya ta masara, aboka, tumatir, lemun tsami, gwangwanin sardin ko tuna, ayaba. In ɗakinka da firigo to dare uku ko huɗu ka gama da su a kuɗin da bai kai faranti ɗaya na bakin kogi ba. Waken gwangwani ma akwai, ka juya bayansa ka karanta, in ka ga lard ka ajiye, shi ne manteca da Ingilishi, ka ɗauki wanda aka rubuta vegetarian.

Sai dai ban yarda da Ɗan Kara-Kara ba ko da a ce kilishi na wucewa. Mutum ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ya kwana a jirgi, ya isa garin da duniya ta san shi da girki, sannan ya kulle kansa a ɗaki yana jiƙa gari? Ka fita ka ci Malam Abdu, da ilimin da Hajiya ta ba ka ba abin da zai same ka.

Hajiya ta Birni

Ƙanena na manta, tortiyar masara in ta huce tana karyewa, ka yayyafa mata ruwa ka naɗe a tawul mai tsabta ka sa a na'urar ɗumama abinci ta otel daƙiƙa 30. Kuma in ka ga mai keke ko ƙaramin shago na sayar da mangwaro da kankana a kofi an barbaɗa musu barkono da gishiri da lemun tsami, ka saya, ba komai a ciki sai alheri.

Abdu Garin Malam

Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta. Ga abin da na tsara, da safe tako uku na dankali da ƙwai de mayis, da rana kifi in na samu, da dare abin da na sayo a kanti, juma'a kuma Wurzbach in Allah ya yarda. Gobe bayan magariba zan ga malaminmu kan maganar yanka. Hajiya in ba damuwa zan turo yarona Birni da takardar da na rubuta ki duba min ko na rubuta kalmomin daidai, musamman tiyene manteka ɗin nan, ina so in maimaita ta a kar kafin mu isa Yamai.